Mai ciwon raunin tsoka da na'urar numfashi: wajabcinta, sallarsa, azuminsa, da hukuncin kashe ta

Tambaya

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Bakori da Funtuwa. Ina da ɗa mai shekara 15 wanda ya daina tafiya tun yana ɗan shekara 11, likitoci suka ce ciwon tsoka ne na gado da ake kira Duchenne. Yanzu kullum da ciwon kai yake tashi, da rana sai gyangyaɗi, da dare kuma yana yawan farkawa a firgice. Likita ya ce a nema masa na'urar da za ta riƙa taimaka masa wajen numfashi da dare har ƙarshen rayuwarsa. Wasu dangi sun ce a sayo tukunyar oksijin ta fi sauƙi, wasu sun ce wannan jayayya ce da ajali. Shin wajibi ne a kaina in nemo ta? Yaya zai yi salla da azumi? Idan muka fara sai wuta ta ɗauke ya rasu, ko muka kasa ci gaba, muna da alhakin ransa?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Muna roƙon Allah Ya sauƙaƙa wa ɗanka, Ya ba ku ladan jinya. Hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa ne, don haka sai mu fara da abin da ke faruwa a ƙirjin yaron.

Huhu ba ya shaƙar iska da kansa. Kamar zugazugin maƙeri yake: fatar lafiyarta ƙalau, amma sai an sami hannun da zai buɗe ta ya matse ta. Hannun nan shi ne tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari, da wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. A ciwon ɗanka mai zugar ne ya gaji. Haka abin yake a ciwon lalacewar jijiyoyin laka na gado da ke kama jarirai da yara, da ciwon mutuwar jijiyoyin motsi da ke kama manya, da wasu daga cikin waɗanda shan inna ta taɓa tun suna yara, musamman masu karkataccen ƙashin baya. Waɗannan na ƙarshe ba kaɗan ba ne a ƙasar Katsina, domin jihar na cikin waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna kafin a tabbatar da kawar da ita daga Afirka a watan Agusta na 2020. Yaran da ta shanye wa ƙafa a wancan lokaci yanzu magidanta ne, kuma wani sabon rauni kan iya zo wa wasunsu bayan shekara 15 zuwa 40.

Raunin yakan fara bayyana ne cikin barci. Idan mutum ya shiga barcin mafarki, tsokokin haƙarƙari da na wuya sukan saki, a bar tsokar ƙasan ƙirji ita kaɗai. Idan ba ta da ƙarfi, numfashi sai ya zama sama-sama, gurɓatacciyar iskar kabon da ya kamata ta fita sai ta taru a jini. Ita ce ke kawo ciwon kai da safe, da gyangyaɗi, da munanan mafarkai, da rashin son cin abinci. Wasu kuma ba sa iya kwanciya rigingine sam, sai a zaune suke barci. Sau da yawa gida yakan ɗauka lalaci ne ko shafar aljanu, ganin yaron ba ya haki kuma ba ya tari. Ba ya haki ne domin ba ya tafiyar da za ta sa shi hakin.

Batun tukunyar oksijin

Ka kula da wannan fiye da komai a cikin amsar nan. Oksijin shi kaɗai ba maganin wannan matsala ba ne, yana ma iya kisa. Oksijin yana gyara lambar da ake gani a ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, amma ba ya fitar da iskar kabon. A wurin mai raunin tsoka yakan ma sa numfashin ya ƙara lafawa, kabon ya ci gaba da hauhawa, har yaron ya yi barcin da ba a iya tada shi, alhali lambar tana nuna 98. A asibiti ana ba su oksijin idan ciwon huhu ya kama su, amma tare da na'urar da ke tura numfashi, kuma ana sa ido. Duk asibitin da kuka je cikin gaggawa, ka faɗa wa ma'aikaci sunan ciwon tun daga bakin ƙofa, kuma ka riƙa yawo da takardar likitansa.

Na'urar da ake nufi ƙarama ce, ba ta fi rediyo girma ba. Tana tura iskar ɗaki ta mesa zuwa takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci, ko hanci da baki. Tana ƙara ƙarfi idan zai shaƙa, ta rage idan zai fitar, kuma idan ya jinkirta numfashi ta yi masa da kanta. Ana kiran irinta BiPAP. Akwai wata mai kama da ita da ake kira CPAP, ta masu minshari ce da maƙoshinsu ke toshewa cikin barci. Ƙarfinta ɗaya ne ba ya sauyawa, ba ta isar wa mai raunin tsoka. Masu sayar da kayan asibiti na gwanjo ba duka ke rarrabe su ba, saboda haka likita ya rubuta maka irin da ake so, shi ne kuma zai saita ta. Idan ta hannu za ka saya, ka sani cewa a watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin irin waɗannan na'urori saboda soson da ke cikinsu yana ruɓewa, zafi da laima kuma suna gaggauta hakan. A duba lambar na'urar kafin a biya kuɗi.

Amfaninta kuwa abu ne da aka gwada. A 1952 shan inna ta ɓarke a birnin Kwapanhagan na ƙasar Danmak, kusan duk wanda ta kama wa numfashi yana mutuwa. Wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya gane cewa taruwar kabon ce ke kashe su. Aka huda musu maƙogwaro, ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka riƙa karɓa-karɓa suna matsa jakar roba da hannu dare da rana, makonni a jere, mutuwar ta ragu ƙwarai. A kan ciwon ɗanka kuma, likitocin Newcastle a Ingila sun bi tarihin marasa lafiyarsu, suka wallafa a 2002 cewa a shekarun 1960 matsakaicin shekarun rasuwa bai kai 15 ba, amma waɗanda aka sa wa na'urar dare daga 1990 sun kai kimanin 25. Na'urar ba ta warkar da ciwon, tsoka za ta ci gaba da raunana. Abin da take bayarwa shi ne barci mai daɗi, da kai marar nauyi da safe, da shekaru da izinin Allah.

Akwai abin da ya kai na'urar muhimmanci, kuma ya fi ta araha nesa ba kusa ba, wato tari. Mafi yawan waɗannan yara mura ce ke zama musu ajali, domin ba su da ƙarfin fitar da kaki, sai ya kwanta ya zama ciwon huhu. Ma'aikatan sashen gashi na asibitin koyarwa za su iya koya maka yadda ake cika masa ƙirji da jakar Ambu, matsa biyu ko uku a jere yana riƙe iskar, sannan ka danna masa ciki sama daidai lokacin da zai yi tarin. Ba a yi bayan cin abinci. Idan lambar yatsa ta sauka ƙasa da 95 yana farke, ku fara da wannan. Idan ba ta hau ba, ko akwai zazzaɓi, sai asibiti, kuma ku tafi da rana tsaka kada ku jira dare ya rufe muku hanya. Ga mutanen Funtuwa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyarku kafin ku shiga Zariya. Na Malumfashi kan bi ta Dayi da Gwarzo zuwa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko su nufi asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina.

Shin wajibi ne, ko jayayya ce da ajali?

Neman magani ba jayayya da ƙaddara ba ne, yana cikin ƙaddarar. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da magani. Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, da ya fasa shiga Sham saboda annoba aka yi masa irin maganar da danginka suka yi maka, ya bayyana cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri, wanda malamai suka kafa hujja da shi cewa ba kowane magani ne ya zama dole ba.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haɗa waɗannan dalilai a zamanta na Jidda a 1412 bayan hijira, daidai da Mayun 1992, a ƙuduri mai lamba 67. Ta raba hukuncin gida huɗu: magani wajibi ne idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa ko nakasa, mustahabbi ne idan barinsa raunin jiki kawai zai jawo, halal ne a abin da bai kai haka ba, makaruhi ne idan ana tsoron illarsa ta fi cutar. Idan likitoci amintattu sun ce barin na'urar zai kai yaron ga halaka, kuma amfaninta shi ne mafi rinjayen zato, to abin da ya fi bayyana shi ne neman ta wajibi ne a kan uban da yake da iko. Wanda ba shi da iko bayan ya yi ƙoƙarinsa ba shi da zunubi, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Shari'a ba ta tilasta maka sayar da gonar da sauran iyalinka ke ci daga gare ta ba.

Sai dai rashin ikonka ba ya sauke nauyin daga kan jama'a. Ya halatta a ba mabuƙaci zakka don ya sayi na'urar da batirinta. Ƙasarku ƙasar masara ce da dawa da shinkafa, kuma wanda amfanin gonarsa ya kai nisabi yana fitar da ɗaya bisa goma idan na damina ne, ɗaya bisa ashirin idan na ban ruwa ne da wahala. Zakkar manyan manoma kaɗan a kaka ɗaya za ta iya ɗaukar wannan. Kawunsa da 'yan'uwanka suna iya ba ku zakkarsu, har ma ta fi lada saboda zumunci, amma kai ba za ka ba shi taka ba tunda ciyar da shi yana wuyanka. Abin da muke ganin ya fi shi ne masallaci ko ƙungiyar gari su sayi na'urar su mai da ita waƙafi, wanda Malikiyya suka halatta a kayan da ake ɗauka, ta yadda idan wani gida ya gama da ita ta wuce wani gidan.

Lissafin wuta ku yi shi tun kafin na'urar ta iso. Ka duba jikinta ka ga wat nawa take ja. Idan 50 ne, barcin awa 8 zai ci 400. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin 1,200, amma irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, inbata ma tana cin nata. Ke nan batir ɗaya dare ɗaya ne, in kuma an kunna abin ɗumama ruwan da ke jikin na'urar zai ƙare da wuri. Ku ware mata batirinta da farantin solarta, ba na cajin waya da fanka ba, ku tuna kuma da kwanakin hadari na Agusta da hazon hunturu. Janareta ba ya shiga ɗaki ko zaure, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba. Jakar Ambu ta kwana kusa da kansa, kowane babba a gidan ya iya amfani da ita. Da hunturu da lokacin casa, da gidajen da ke kusa da wurin gurzar auduga, matatar na'urar tana saurin toshewa, a riƙa duba ta.

Ruƙya da addu'a ku yi ta yi. Amma hayaƙin magani da ake turara wa marar lafiya a rufe shi da bargo ku nisanta shi, haka ɗura masa rubutu ko zamzam yana kwance idan haɗiya ta fara yi masa wuya, domin ruwan huhu zai tafi. Kada a ba shi maganin barci, ko na tari mai sa maye, ko tiramol daga kemis.

Sallarsa da azuminsa

Idan alamun balaga sun bayyana gare shi, ibada ta hau kansa. Idan ba su bayyana ba, Malikiyya suna jiran shekara 18, Shafi'iyya da Hanbaliyya suna tsayawa a 15, kuma magungunan da ake ba masu wannan ciwo kan jinkirta balaga. Salla ba ta faɗuwa muddin hankali yana nan. Asalin babin shi ne hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da yin salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance a gefe. Ɗanka zai yi ta a kujerarsa ko a jingine yana fuskantar alƙibla, ya yi nuni da kai, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Kada a tanƙwara shi don goshinsa ya taɓa ƙasa, domin hakan yana danne ciki ya tare numfashi. In kai ya daina motsi, ya yi nuni da ido tare da niyya.

Takunkumin ba ya ɓata salla. Idan zai iya cire shi na 'yan mintuna ba tare da wahala ba, ya cire. Idan ba zai iya ba, ya yi salla da shi, ya karanta gwargwadon abin da numfashinsa ya ba shi. Motsa harshe ya wadatar a karatu, in ya gagara sai ya gudanar a zuci. Wani zai iya yi masa alwala, in ruwa zai cutar da shi ko cire takunkumin don wanke fuska zai jefa shi cikin haɗari, a yi masa taimama. Hanbaliyya sun halatta wa marar lafiya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i saboda wahala. Malikiyya kuma suna ba shi damar jinkirta ta farko zuwa ƙarshen lokacinta ya haɗa da ta biyu a farkon nata. Juma'a da jam'i sun faɗi a kansa, amma idan samarin unguwa za su riƙa tura shi masallaci ranar da jikinsa ya yi daɗi, kada ku hana.

Iskar na'ura ba ta karya azumi, ba abinci ba ce ba abin sha ba. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta lissafa iskar oksijin cikin abubuwan da ba sa karya azumi a ƙudurinta mai lamba 93, a Jidda, a 1418 daidai da 1997. Zuƙe majina ma ba ya karyawa. Abincin da ake ɗurawa ta mesa yana karyawa, maganin da ake mayarwa tururi a shaƙa na tsawon mintuna kuwa malamai da yawa na wannan zamani suna ganin yana karyawa. Babbar tambaya ita ce ko zai iya azumin, domin ƙishirwa tana sa kaki ya yi kauri, tarinsa kuma ba shi da ƙarfi. Idan likita ya ce azumi zai cutar da shi, ya sha, kuma tunda ciwon ba a fatar warkewarsa babu ramuwa, sai ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. Jumhur sun wajabta wannan ciyarwa, Malikiyya sun so ta ne kawai.

Kashe na'urar, da abin da ke kanku idan ta tsaya

A nan mutane ke ruɗewa, domin sun ji cewa malamai sun halatta cire na'urar numfashi. Fatawoyin da ake nufi biyu ne: na Majalisar Fiƙihu a zamanta na Amman a 1407, wato Oktoban 1986, da na majalisar Rabiɗa a Makka a 1408, wato 1987. Dukkansu suna magana ne a kan wanda ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba. Ɗanka ba ya cikin wannan ko kusa. Hankalinsa cikakke ne, yana ji, yana gani, yana salla. Mai irin wannan hali rayayye ne mai cikakkiyar alfarma. Wani Ba'amurke mai suna Paul Alexander, wanda shan inna ta kama a 1952 yana ɗan shekara 6, ya rayu da taimakon na'ura fiye da shekara 70, ya yi karatu har ya zama lauya, sai a 2024 ya rasu. Wanda ya kashe wa irin wannan mutum na'urar da rayuwarsa ta rataya a kanta da gangan, don gajiya da jinya ko don tausayi, ya aikata kisan kai.

Idan kuwa wuta ta ɗauke, ko batir ya mutu, ko na'urar ta lalace, alhali kun yi tanadin da kuke iyawa, babu zunubi a kanku, babu diyya babu kaffara, ajalinsa ne ya zo. Haka idan kuɗi ya ƙare bayan kun nema ta duk hanyar halal. Inda magana take shi ne sakaci bayyananne, kamar a ɗauke batirinsa a kai wani wuri ana sane, ko a bar shi shi kaɗai alhali an san ba zai iya gyara takunkumin ba idan ya goce. Irin wannan sai a kai wa malami ko alƙali ya ji yadda abin ya faru. Kuma ka kwantar da hankalinka da cewa a farkon lamari, mai amfani da na'ura da dare kawai yakan iya jure dare ɗaya ba tare da ita ba. Haɗarin yana ƙaruwa ne yayin da ya fara buƙatarta da rana, don haka ku tambayi likita awa nawa zai iya yi babu ita, ku riƙa sake tambaya duk zuwa.

Wata rana takunkumin zai iya kasa isa, a kawo maganar huda maƙogwaro. Wannan mataki ne mai nauyi: yana buƙatar na'urar zuƙe majina, da mai jinya a farke dare da rana, da wutar da ba ta yankewa, kuma mesar tana iya toshewa cikin mintuna. Idan likitoci suka ga wahalarsa da haɗarinsa a ƙauye sun rinjayi amfaninsa, barinsa ya halatta, kuma ƙin fara wani mataki ba daidai yake da yanke wanda ake rayuwa da shi ba. Ƙuduri na 67 ya sanya izinin magani a hannun marar lafiya idan baligi ne mai hankali, in ba haka ba a hannun waliyyinsa, kuma ba a bin waliyyi a abin da zai cutar da shi ƙarara. Saboda haka ku zauna da yaron da mahaifiyarsa da likita tun yana iya magana da ƙarfinsa, ku ji abin da yake so, kada a bari sai daren da ake gudu da shi a mota. Idan shi da kansa ya nemi a cire masa na'urar bayan ya dogara da ita, kada ku yanke wannan a gida. Sau da yawa takunkumi ne ke cin hancinsa, ko saitin ya yi masa kaɗan, ko yana jin ya zame muku nauyi, kuma duk waɗannan ana iya gyara su. In an gyara bai sauya ba, a haɗa likitocinsa da malami masani su duba halinsa shi kaɗai.

Allah ne Mafi sani.